Daga Kasuwar Magarya Zuwa Ta Abijan: A Koya Wa Ɗalibanmu Ilimin Jari

Idan ka tare ɗalibin jami'a a Damagaram ka tambaye shi ma'anar kalmar Faransancin nan bourse, zai ce maka ai kuɗin alawus ne da gwamnati ke ba ɗalibai. Bai yi kuskure ba. Sai dai kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato kasuwar hannun jari, inda ake saye da sayar da rabon mallakar kamfanoni da takardun bashin gwamnatoci. Nijar tana da irin wannan kasuwa. Sunanta BRVM, hedikwatarta tana Abijan, ta fara aiki a watan Satumba na 1998, kuma ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma ne suka yi tarayya a kanta: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Tana da reshe a Yamai. Yawancinmu, har da masu digiri, mun san bourse ta farko, wadda ake miƙa hannu a karɓa. Ta biyun kuwa ko labarinta ba mu cika ji ba.

Ra'ayina shi ne Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ita ce mafi kusa da 'ya'yan Magarya da Dungas, ta sanya darasin zuba jari da kasuwannin kuɗi a matsayin darasin gama-gari, wanda mai karatun tarihi da mai karatun likitanci da mai shirin zama malami duk za su zauna su ɗauka a shekarun digiri na farko. Masu karatun tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Djibo Hamani a Tawa suna da nasu darussa masu zurfi, ba su nake nufi ba. Sharaɗina ɗaya ne: a fara darasin daga kasuwannin da iyayen ɗaliban ke ci, sannan a ƙarasa Abijan. Idan aka kwaso littafin da aka rubuta don ɗan Faris aka shimfiɗa wa ɗan Wacha ko Malawa, zai haddace, ya ci jarrabawa, ya manta.

Dalilina na farko shi ne mutanen waɗannan gundumomi biyu sun daɗe tsundum cikin kasuwar kuɗi, ba tare da an taɓa karanta musu dokokinta ba. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya tana da mutane sama da rabin miliyan, Dungas kuma, wadda aka cire daga cikinta a 2011, sama da 350,000. Dukkansu suna jingine da iyakar Najeriya. Mai rago a Dungas kasuwar Maigatari yake hari ranar Alhamis, mutumin Magarya kuwa ta Tinkim yake gangarawa Baɓura. Da naira ake ciniki, da naira ɗan ci-rani ke aiko da kuɗin cefane daga Kano ko Legas, amma kuɗin makaranta da na asibiti da haraji da sefa ake biya. Duk magidancin da ke riƙe da kuɗi iri biyu a aljihu ɗaya ɗan canji ne, ko ya so ko ya ƙi.

Mu dubi abin da ya faru cikin 'yan shekarun nan. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adi, mutanen kan iyaka da ba su da asusun banki a can suka rasa inda za su kai abin da suka tara. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin nan dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsa ba. Ke nan wanda ya sayar da shanunsa ya dunƙule naira ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, ba wanda ya fasa masa ɗaki, amma ranar da ya je canji sai ya tarar dukiyarsa ta zaizaye. Dattawa ma suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Masana suna kiran wannan haɗarin canjin kuɗi, kuma akwai dabarun rage shi masu sauƙi, kamar mutum ya ajiye kuɗinsa cikin irin kuɗin da zai kashe su da shi. Ɗan gidan da ya yi shekara uku a jami'a ya kamata ya iya yi wa mahaifinsa wannan bayani cikin minti biyar.

Sai batun kaka da bazara. Kowa ya san manomi yana sayar da wake da gyaɗa da riɗi da zarar an sheƙe, lokacin da kasuwa ta cika kaya suka yi arha, sannan ya dawo ya auni gero da tsada idan damina ta yi nisa rumbu ya yi kango. Idan abin ya ƙi, sai bashin kaka ko jinginar gona. Mu ɗauki misali, a ce ka karɓi tiya 10 a watan Agusta za ka biya 15 a Nuwamba. Kashi 50 cikin 100 ke nan a wata uku, wato kashi 200 a shekara. To a 2014 hukumomin kuɗi na yankinmu sun ƙayyade cewa banki ba zai wuce kashi 15 a shekara ba, ƙananan cibiyoyin ba da rance kuma kashi 24, abin da ya haura haka laifi ne a doka. Mai karɓar tiya goma bai taɓa jera waɗannan alƙaluma biyu kusa da juna ba, domin ba wanda ya nuna masa cewa ana jera su.

Abin sha'awa shi ne a nan Nijar aka gwada maganin wannan matsala. Tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma suka fara tsarin da ake kira warantaji: a tara amfanin gona a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance, a ba manoma wani kaso na ƙimar kayan su yi sana'ar rani ko kiwon turka, bayan wata biyar ko shida a biya a buɗe sito. Haka kuma a jihar Maraɗi, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba kuɗi duk mako, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Yau ana kwaikwayon wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Bai kamata ɗalibin Damagaram ya fara jin labarin abin da uwarsa ke yi duk mako daga bakin baƙon da ya zo bincike ba.

Malamai 'yan'uwana, mu ma ba mu tsira ba. Albashinmu ta banki yake bi, kuma ba a jimawa da fara aiki ake tallata mana rance: na babur, na fili, na ragon layya, na komawa makaranta. Nawa ne daga cikinmu suka tambayi abin da ake kira TEG, wato jimillar abin da rancen zai ci a shekara idan aka haɗa kuɗin ruwa da kuɗin takardu da inshora, kafin su sa hannu? Idan aka ce maka kashi 2 ne kawai a wata, 24 ke nan a shekara. Idan kuma ana lissafa shi a kan uwar kuɗin da ka karɓa tun farko, alhali kana ta biya duk wata, to abin da kake biya na haƙiƙa ya kusa ninka hakan. Asusun ajiya na banki kuwa kashi 3.5 yake bayarwa a shekara. Malamin da ya san wannan tazara zai yi tunani sau biyu kafin ya ci bashi don biki.

Dalilina na biyu shi ne wayar hannu. Kasuwar kuɗi ta riga ta shigo ɗakunan 'ya'yanmu, kuma 'yan damfara ne suka yi mata jagora. A 2016 wani shiri mai suna MMM, na wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi, ya mamaye Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 a wata, ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na shekarar. A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya durƙushe da kuɗin mutane. Tsakanin nan kuma mun ga samari sun duƙufa suna ta danna waya dare da rana da sunan haƙar kuɗin kirifto. Abin da ya ci Kano da Katsina ba ya tsayawa neman izini a Tinkim, harshenmu ɗaya, zaurukan WhatsApp ɗinmu ɗaya. Lissafi kaɗan ya isa ya tona asirin irin waɗannan shirye-shirye. Kashi 30 a wata, idan riba tana hawa kan riba, yana nufin jika 10 ta zama sama da jika 230 cikin shekara ɗaya. Wace gona ce, wane shago ne, wace matatar mai ce ke ninka kuɗi sau 23 a shekara? Babu. Kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da su, ranar da shiga ta ragu sai a rufe ƙofa. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma karin magana kaɗai ba ta tsayar da saurayin da abokinsa ya nuna masa saƙon shigar kuɗi a waya. Abin da ke tsayar da shi shi ne ya iya lissafin da kansa, ya kuma san cewa akwai hukuma mai suna AMF-UMOA da ke ba da lasisi ga duk mai tara kuɗin jama'a da sunan jari a yankinmu, kuma ana iya duba ko sunan kamfani yana cikin jerinta.

Dalili na uku ya shafi ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin Nijar tana cin bashi a kasuwar yankin ta hanyar sayar da takardun lamuni, kuma da irin waɗannan kuɗi ake cike giɓin kasafi, wanda albashin malamai da ginin azuzuwa ke cikinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin da aka ƙaƙaba ya rufe wa ƙasar wannan kasuwa, biyan wasu basussuka ya tsaya, sai bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 aka koma cikinta a watan Afrilu. Yanzu kuma ana ta muhawara a majalisun shayi kan makomar sefa da yiwuwar ƙasashen AES su buga nasu kuɗi. Kowane ɓangare mutum ya ɗauka, muhawarar tana bukatar 'yan ƙasa da suka san mene ne ajiyar kuɗin waje, me ke jawo hauhawar farashi, me ya sa wata ƙasa ke samun rance da rahusa wata da tsada. 'Yancin tattalin arziki yana bukatar mutanen da suka iya riƙe littafin lissafinsa, kuma jami'a ce za ta samar da su.

To me za a koyar? A ganina zango ɗaya ya isa, a kasa shi huɗu. A fara da lissafin kuɗi da lokaci: riba a kan riba, hauhawar farashi, canji tsakanin naira da sefa, da yadda ake karanta takardar rance. Kowane ɗalibi a ɗora masa aikin bibiyar farashin tiyar gero da ta wake da canjin jika ɗaya a kasuwar garinsu, Bande ce ko Dantchiao ko Dogo-Dogo, ya kwatanta da abin da hukumar SIMA mai tattara farashin kasuwannin amfanin gona ke fitarwa. Kashi na biyu ya zama na hanyoyin ajiya da jari da muke da su a gida: adashi, asusun mata, warantaji, kiwo, fili, har da itatuwa. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna a duniya wajen rainon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980, suna barin tsiro su jira shekaru kafin ya ba su taki da abincin dabbobi da itace. Wanda ya iya wannan haƙuri ba baƙo ba ne ga jarin dogon zango. Kashi na uku shi ne kasuwar Abijan kanta: mene ne hannun jari, mene ne rabon riba, yaya ake buɗe asusu wurin dillalai masu lasisi irin su SGI Niger da ke Yamai, me ya sa cikin kamfanoni sama da 40 da ke kasuwar, irin su Sonatel na Senegal, na Nijar ɗaya ne tak, wato bankin BOA Niger. Na huɗu kuma ya zama na haɗari da damfara da doka.

Wannan na huɗun shi ne zuciyar darasin, kuma tarihinmu cike yake da misalai. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke riƙe da Magarya da ma ƙasar baki ɗaya, kamfanin SONARA yana saye yana fitarwa. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka zo suka durƙusar da harkar, wanda ya dogara da ita kaɗai ya tashi hannu biyu. Bankin BDRN, babban bankin raya ƙasa na lokacin, ya rushe a 1990 saboda basussukan da ba a biya ba. Ko warantaji ma ba kullum yake ci ba: shekarar da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko aka hana fitar da hatsi, ko gwamnati ta fito da nata ta sayar da rahusa, farashin bazara yana iya ƙin tashi, mai ajiya ya tashi da bashi. Ɗalibi ya fita da sanin cewa duk inda aka ce riba da yawa, haɗari ma da yawa, kuma ba a zuba dukiyar gida duka wuri ɗaya.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce: ƙasar da yara ke karatu a azuzuwan zana, inda ɗan aji shida ke gagara karanta jimla, inda sashen yara na asibitin Magarya ke cika duk damina da masu tamowa da zazzaɓin sauro, ina ita ina zancen hannun jari? Amsata ita ce darasi ɗaya a jami'a ba ya cin kuɗin aji ko ɗaya, malami ne da allo da alli. Sannan wani ɓangare na yunwar damina daga sayarwar kaka da bashin kaka yake farawa. Talaka ya fi mai kuɗi bukatar wannan ilimi, domin mai kuɗi idan ya yi asara yana da abin komawa, shi kuwa kuskure ɗaya gonarsa yake ci.

Wasu iyaye kuma tsoronsu na addini ne, kada a koya wa 'ya'yansu cin riba da caca. Tsoro ne mai tushe, kuma bai kamata a rufa-rufa ba: takardun lamuni na gwamnati kuɗin ruwa suke biya, kamfanin Nijar ɗaya da ke kasuwar banki ne na zamani, akwai kuma kamfanonin giya da na taba a jerin. Dole darasin ya faɗi haka ƙarara. Amma fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu bai bar wannan fage ba. Risala ta Ibn Abi Zaid tana da babin ciniki, inda aka yi bayanin ƙiradi, wato wani ya kawo jari wani ya juya a raba riba, da salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya na sanannen awo a sanannen lokaci. Da irin wannan amana fataken Damagaram irin su Malam Yaro suka yi hulɗa da 'yan kasuwar Tarabulus a ƙarshen ƙarni na 19. A zamanin nan ma akwai Bankin Musulunci na Nijar, akwai Jaiz a Najeriya tun 2012, akwai sukuk da Senegal ta fitar a 2014, Najeriya kuma a 2017 don gina hanyoyi. A gayyato malamin fiƙihu ya zauna tare da malamin tattalin arziki a aji ɗaya. Wanda bai san yadda riba ke shiga cikin takarda ba, ta yaya zai guje mata?

Akwai kuma masu cewa za a mayar da yara 'yan caca a waya. Ai waɗanda ke cacar yanzu ba darasin da suka ɗauka. Ba a hana yaro faɗawa rijiya ta hanyar ɓoye masa cewa akwai ta.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne harshe. Kundin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ko da Faransanci aka koyar, a wajabta wa kowane ɗalibi ya rubuta shafi biyu da Hausa yana bayyana wa mahaifiyarsa abin da ya koya. Muna da kalmomin: jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, lamuni, jingina, dillali, la'ada. A kuma taƙaita darasin a kai shi makarantun horon malamai na Damagaram da Magarya, domin malamin da zai riƙe aji a Guci ko Kwaya shi ne sau da yawa mai rubuta wa ƙungiyar mata lissafinta, shi ne kuma sakataren kwamitin makaranta. Ƙwararrun da za su taimaka ba nesa suke ba, Babban Bankin BCEAO yana da reshe a cikin garin Damagaram.

Iyaye da malamai, jami'a ba ta sauya manhaja sai ta ga ana nema. Ƙungiyoyin iyayen yara da na malamai da na ɗaliban Magarya da Dungas suna iya rubuta wa shugabannin jami'ar su gabatar da wannan buƙata a hukumance. Kafin nan kuma, idan ɗanka ko 'yarka suka zo hutu, miƙa musu takardar rancen da ka sa wa hannu ko littafin adashin gidan, ka ce su lissafa maka nawa kake biya a shekara, nawa kuma ke shigowa. Idan sun iya, madalla. Idan sun kasa, ka ga dalilin da ya sa muke neman darasin.